Saƙon Goggo Tasalla a Cikin Cunkoso

Jiya da dare mafarki ya jefa ni cikin wayar intanet, irin wadda muke binnewa a gefen titi. Shekara bakwai na yi a Koriya ina koyon yadda ake hana saƙonni cunkushewa a cikinta. Ban taɓa shiga ba sai jiya.

Ashe ciki titi ne, rana tsaka. Saƙonni suna tsaye da ƙafafunsu, wasu da hula, wasu da mayafi, babu mai yin gaba. Ruwa na tashi daga kwalta yana komawa sama.

Wani bunsuru mai tabarau ya fito daga ofis. Shi ne manajan hanyar.

Ya ce, "Injiniya Ɗanliti, kai muke jira. Akwai saƙon goggonka Tasalla can baya. Kwanansa tara, an rubuta masa gaggawa a goshi."

Goggo ce ta raine ni, kuma tana fama da hawan jini. Na ce a kai ni inda hanyar ta toshe.

Sai ga mu a mararraba. Saƙonni biyu sun durƙusa a tsakiyar hanya.

"Ina gajiya, Kawu?"

"Ba gajiya. Yaya ƙafar babanka? Wuce mana."

"Ni in sha gabanka? Allah ya tsare ni."

Na tambayi bunsurun me suka gwada.

Ya ce, "Sau uku muna ƙara wa titin faɗi."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai suka samu wurin shimfiɗa tabarma."

Na ba da umarni a yanke wa kowa gaisuwa, ya wuce da abin da ya kawo shi kawai. Aka kawo almakashi. Ina yankewa bunsurun na cinyewa. Ya ce ta surukai ta fi maiƙo.

Nan da nan hanya ta buɗe. Saƙonni suka riƙa wucewa fuu, ba mai kallon wani. Na ji daɗin karatuna.

Na Goggo ya iso. Mayafi ne kawai, ba kowa a ciki.

Na ce, "Ina sauran?"

Bunsurun ya lashe baki. "Dukansa gaisuwa ne, Injiniya."

"To gaggawar fa?"

"Ita ce gaggawar. Wata biyu da dawowarka, ba ka leƙa ta ba."

"Dawo min da shi."

"Sai na yi tuƙa. Akwai mutum dubu huɗu a gabanka, bi layi."

Ya kwanta ya fara tuƙa, gurr, gurr, ƙarar na ƙaruwa.

Na buɗe ido, ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Na laluba wayata a ƙarƙashin filo. Ga saƙon murya na Goggo, minti huɗu, kwana tara ban buɗe ba. Na danna.

"Ɗanliti, ka tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya baƙunta?"

Yatsana ya nufi wurin ƙara wa murya sauri. Na janye shi.