Alhaji Badaru a Kan Dutsen Gaggafa

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina ne Alhaji Badaru ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kasuwar shanu ta Mai'adua. Dillali ne da aka sani tun daga garinsu Sandamu ta ƙasar Daura har Kongolam da ƙetaren iyaka, irin mutumin da in bijimi ya ƙwace, shi ake ƙwala wa kira. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne.

Shekara huɗu ya yi yana kokawa da jikin nan. Ya fara da dafa bango, ya koma sanda, ya kai masallacin unguwa, daga baya har gonarsa ta bayan gari yake zuwa yana jan ƙafa. Amma mutane ba su ga haka ba. Duk inda ya doso sai a tashi a ba shi kujera, ana "sannu Alhaji" da muryar da ake yi wa jinjiri. Matarsa Maiturare kuwa ko buta ba ta bari ya ɗauka.

Da kaka ta yi, 'yarsu Rauda ta haihu. Tana aure can kudancin Kano, wajen Riruwai, inda mijinta Zailani ke aikin kula da gandun daji. Badaru da Maiturare suka shiga motar haya suka tafi suna. Badaru mutumin rairayi ne, ƙasar da in ka tsaya a bakin gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. Da suka sauka a ƙauyen sai ya ga dutse tsaye a bayan gidaje, kore shar har wuyansa, kansa kuma tsirara, baƙi, gajimare na gogarsa.

Washegarin suna da safe, suna zaune a ƙofar gida ana shan koko, ya nuna da sanda.

"Malam Zailani, wancan fa, ana hawansa?"

"Ana hawa, Baba. Dutsen Gaggafa ke nan. Mukan hau duk wata mu duba ko ana sarar itace ta baya."

"Tafiyar awa nawa ce?"

"Mu dai awa biyu."

"To ni sai mu ce huɗu. Gobe in Allah ya kai mu za ka raka ni."

Zailani ya sunkuyar da kai yana wasa da ludayi. Bai iya ce wa surukinsa a'a ba, sai ya shiga ciki ya faɗa wa mata. Maiturare ta fito ko mayafi ba ta gyara ba.

"Alhaji, suna muka zo ko jana'iza? Kai da ko dokin ƙofa sai ka dafa?"

"Ke ce ke sa ni dafawa," in ji shi. "Na ci gishiri da yawa kin hana, na ci nama kin hana, duk na bi. Wannan kam ba zan bi ba."

Rauda ta leƙo da jariri a kafaɗa. Ta daɗe tana kallon mahaifinta, sannan ta ce, "Inna, ki bar shi. Rabon da in ji Baba ya yi gardama tun ina budurwa."

Bayan sallar asuba, gari na wayewa, suka kama hanya. Zailani ya rataya goran ruwa biyu da ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino, ya ba Badaru takalman roba masu tauri irin na ma'aikatansu. Suka ratsa gonakin masara, suka shiga kurmi. Nan take rana ta ɓace. Bishiyoyin doka da maɗaci suka haɗe a sama, ƙasa damshi, ganye na ɗiga a wuya. Badaru ya tsaya ya rungumi wani maɗaci da hannunsa mai lafiya, bai kai ko rabinsa ba.

"A wurinmu da wannan kafin ƙaramar salla an yi turame ashirin da shi," ya ce.

"Aikina ke nan, Baba, in hana."

Hanya ta fara miƙewa sama. Ƙafar hagu ba ta son tudu, sai ya dasa sanda, ya ɗora ta dama, sannan ya jawo ta hagun kamar mai jan taurin akuya. Taku ashirin, hutu. Taku ashirin, hutu. Suka iske wani rafi yana gangarowa a kan duwatsu masu santsi. Zailani ya miƙo hannu, Badaru ya yi kamar bai gani ba, ya tattare wando ya shiga ruwan kai tsaye maimakon tsallake duwatsun. Sanyin ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa, ya fito yana dariya.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da suka fito wani fili na falalen dutse. Daga nan ana ganin ƙauyen a ƙasa, rufin kwano na ƙyalli. Wasu gwaggon birai suna zaune can gefe, babbansu na kallonsu yana soshe-soshe. Badaru ya zube yana haki, rigarsa ta jiƙe, ƙafar na kakkarwa ita kaɗai.

Zailani ya ba shi ruwa, ya ce a hankali, "Baba, ai nan ma an hau. Baƙi da yawa daga nan suke juyawa. Duk abin da ake gani a sama ana ganinsa a nan."

"Tsakaninka da Allah?"

Zailani ya yi murmushi. "A'a, Baba. Ba ɗaya ba ne."

"To ba ni dabino mu tashi."

Daga nan itatuwa suka fara gajarta, sai gora da ciyawa mai kaifi. Sau biyu ya faɗi. Na biyun gwiwa ta fashe, jini ya ɓata farin wandon. Ya dogara sanda ya tashi, suka ci gaba.

Sai suka zo inda hanya ta ƙare. Wata tsaga ce tsakanin manyan duwatsu biyu, tsayinta ya fi mutum biyu, sai an sa hannu biyu da ƙafa biyu ake hawa. Badaru ya dubi tsagar, ya dubi hannunsa na hagu da yatsun suka lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Karo na farko tun safe ya ji zuciyarsa ta karye.

Zailani ya durƙusa a gabansa ya juya masa baya. "Baba, don Allah ka hau. Na goyi buhun masara na hau nan. Ba wanda zai ji."

"Ni zan ji," in ji Badaru. "Tashi."

Ya zauna yana nazarin wurin kamar yadda yake nazarin saniya kafin ya yi mata kuɗi. A can saman tsagar akwai wani gamji da ya kafa saiwoyi a cikin dutse. Sai ya kai hannu ya warware rawaninsa. Zailani ya kawar da kai, don bai taɓa ganin kan surukinsa a buɗe ba.

"Daina jin kunya, sanƙo ne kawai. Hau ka ɗaura wannan a saiwar can, ɗaurin da ba ya kwancewa. Kada ka ja ni. Ka dai riƙe bakinka da addu'a."

Zailani ya hau ya ɗaura, ya sako ɗaya bakin. Badaru ya jefa masa sanda, ya naɗe rawanin a hannun dama, ya yi bisimilla. Ƙafar dama ta sami wurin takawa. Ya ja jiki. Ya sake ja. Da ya kai tsakiya sai ya ga dole ya saki ya kama gaba, kuma ba abin da zai riƙe shi a tsakani sai hannun hagu. Ya ɗaga shi da ƙyar ya ɗora a kan rawanin. Yatsun suka ƙi.

"Kama," ya ce wa hannun, haƙora a cije. "Kama, don ubanka!"

Yatsu uku suka rufe. Ba wani ƙarfi ne da su ba, amma sun riƙe shi daidai numfashi ɗaya, kuma numfashi ɗayan yake nema. Hannun dama ya cafke sama. Ya turo ƙirji a kan leɓen dutsen, ya mirgina, ya kwanta rigingine yana kallon sama. Zailani na tsaye a kansa yana ta "Allahu akbar", hawaye na zuba, bai ma san yana yi ba.

Sauran tafiyar ba ta fi taku hamsin ba. Badaru ya yi ta ba sanda.

Iska ce ta fara tarbarsa, mai sanyi, tana kaɗa riga. Sannan ƙasa ta buɗe. Duwatsu bayan duwatsu, na kusa kore, na nesa shuɗi, har inda ido ya gaza. Daji ya shimfiɗu a ƙasa kamar bargo, kogi ya ratsa shi yana walƙiya. Can gefe guda hadari na zubar da ruwa a kan wani gari, alhali su rana ce a kansu. Wata gaggafa tana shawagi, kuma a ƙarƙashinsu take, yana ganin bayanta.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara sittin da uku ina ganin cikin tsuntsu, yau na ga gadon bayansa."

A wani kwari ya hango garken shanu farare, ƙanana kamar an watsa shinkafa. Bai san lokacin da ya cika ƙirji ya saki kiran da yake yi wa shanu tun yana saurayi ba, dogon kira mai kaɗawa. Muryar ta fita a sake, ba sarƙewa. Dutsen da ke fuskantarsu ya dawo masa da ita, na bayansa ma ya dawo da ita. Ya sake yi. Ya yi har sau huɗu, yana dariya kamar yaro.

Suka yi alwala da ragowar ruwa. Zailani ya duba rana ya nuna alƙibla, ya ja baya.

"Baba, bisimilla."

Badaru ya shiga gaba ya ja su azahar, kai ba rawani, gwiwa na jini.

Saukowa ta fi hawa wuya. Wurare da yawa da mazaunai ya sauko, wandon ya yage har wuri biyu, kuma a rafi wannan karon da kansa ya ce, "Malam Zailani, kawo kafaɗarka." Rana ta yi ja sosai lokacin da suka fito daga gonakin masara. Mutanen ƙauyen sun taru a bakin hanya, don labari ya zaga cewa tsohon nan na Daura mai shanyayyen jiki ya tafi Gaggafa. Da Zailani ya ɗaga hannu ya ce, "Har ƙoli!" sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maza suka yi ta zuwa suna miƙa masa hannu. Na hagun ya riƙa ba su, da gangan.

A gida Maiturare ta zaunar da Badaru. Ta dafa ruwa ta zuba a kwano, ta sa ƙafafunsa a ciki, ta shiga wanke gwiwar da ɗan tsumma tana tsaki.

"Dubi wando. Dubi rawanin da aka saya don suna. Tsofai-tsofai da kai."

"Zuba mini tuwo," ya ce. "Malmala biyu."

Ta matse tsumman. Sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da shi.

"Tuwon bai nuna ba tukuna," ta ce. "Wai me ake gani a can saman?"