Rago Biyu a Gidan Liman

A garinmu Tudun Gawo, can tsakanin Rawayau da hanyar Dutsin-Ma, ba a sa wa ragon layya wuƙa sai liman ya yanka nashi. Haka malamai suka ce, wanda ya riga liman nama kawai ya samu, bai samu layya ba. Saboda haka ranar Babbar Sallah in an idar da salla da huɗuba, sai a jawo ragon liman tsakiyar fili ya yanka kowa yana gani, sannan a watse da sauri kowa ya nufi nashi. Dattawa kuwa ba su sa komai a baki tun asuba, sai an gasa masu hantar ragonsu.

Ni Sodangi, dillalin dabbobi ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na ci kasuwa tun daga Jibiya har Ibadan, na kuwa san abin da rago ke iya jawo wa mutum.

Limaminmu a lokacin Malam Abdulƙadir ne. Rawanin gado ne, daga mahaifinshi ya karɓa, shi ma daga nashi. Siririn tsoho ne mai gudun rigima, in aka kawo mashi ƙarar miji da mata sai ya ba kowa gaskiya ya raka su ƙofa. Bai taɓa sayen ragon layya ba. Magaji, wato mai garinmu, shi ke aika wa liman rago kowace shekara, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki, sai shekarar da aka yi zaɓen da ya gabaci samun mulkin kai.

A shekarar nan gari ya rabu biyu. Ga jam'iyyar masu mulki, Magaji Tukur ke riƙe da ita. Ga ta 'yan adawa, Mamuda tela ke jan ta daga kan kekenshi na ɗinki. Sunayensu ba su da amfani yanzu, soja sun binne su duka rami ɗaya. Amma a lokacin abin ya kai har wanzami biyu aka koma yi, don ba mai yarda ya miƙa wuyanshi ga askar ɗaya ɓangaren.

Da Sallah ta matso Magaji ya kira ni ya ce, "Sodangi, ka tafi kasuwar Kurfi ka samo mani ragon liman. Ina son wanda in ya tsaya a filin Idi za a san akwai gwamnati a ƙasar nan."

Na samo mashi balami fari tas, ƙato, sai ka ce maraƙi. Ban gama wanke ƙafa ba sai ga Mamuda tela a zaurena, da awon ɗinki rataye a wuya.

"Kawu Sodangi, wa ke cika sahu ranar Idi, talakawa ko fadawa?"

Na ce talakawa.

"To don mi liman zai riƙa buɗe mana layya da ragon mutum ɗaya? Mun haɗa hannu. Ka tafi Dutsin-Ma ka samo mana wanda ya fi na Magaji."

Na samo masu uda, rabi baƙi rabi fari, ƙahonshi kamar an murɗa igiya. Wani zai ce don me na yi wa duka biyun aiki. Dillali ba shi da jam'iyya, kasuwa gare shi.

An kai na Magaji gidan liman da makaɗa. An kai na su Mamuda da waƙa, har da 'yar riga da ya ɗinka wa ragon. Aka ɗaure su a turke biyu, suna hararar juna.

Ina zauren liman da la'asar Magaji ya shigo, dogarinshi a baya.

"Allah gafarta Malam, na ji an kawo maka wata tunkiya."

"Rago ne, ranka ya daɗe."

"To, rago. Ni dai ban ce komai ba. Amma rawanin nan da ke kanka kakana ne ya naɗa wa kakanka. Har yau a gidanmu ba a manta yadda ake warware shi ba."

Ya miƙe ya fita. Tabarmar ba ta huce ba Mamuda ya zauna a kanta.

"Baba Liman, mu ba mu da rawanin da za mu ba ka ko mu karɓe. Ƙafafu gare mu. In ka yanka na Magaji, akwai fili bayan rafi, can za mu koma da Idinmu da Jumma'armu. Sai ka riƙa jan Magaji da dogarinshi salla, ku uku."

Da ya tafi liman ya daɗe yana jan carbi. In ya yanka uda, rawani ya tafi. In ya yanka balami, rawani na nan amma babu kowa a bayanshi. Can ya ce, "Sodangi, kai ka san dabba. Tashi ka duba mani ko akwai mai aibi a cikinsu. Makanta, gurgunta, tsagaggen kunne, ko wane iri. Mai aibi ba ya layya, ka ga na samu hujja."

"Allah gafarta Malam, ni na sayo su. In na ce ɗaya na da aibi, gobe wa zai aike ni kasuwa?"

"To in yanka duka biyun."

"Wane za ka fara?"

Ya ce, "Wuƙa biyu, lokaci ɗaya."

"Wane a hannun dama?"

Daga bayan zana matarshi Inna Azumi ta ce, "Malam, ka kwanta mana ka ce zazzaɓi ne."

"In na kwanta na'ibina Sa'idu ne zai ja salla, Azumi. Mutumin nan in ya tsaya a gaba sau ɗaya ba ya komawa baya."

Ranar Sallah an kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta fito da zafin nan na farkon damina mai sa riga ta manne a baya. An ɗaure balami a dama da mumbari, fadawa kewaye da shi. An ɗaure uda a hagu, samarin Mamuda na yi mashi fifita.

Aka yi salla, liman ya hau huɗuba. Wadda ya gada ce, ta Larabci, kullum kafin mutum ya gyara zama ya gama ta. Ran nan ya karanta ta a hankali kamar mai koya wa yaro. Da ya kai ƙarshe sai ya dawo farko ya fassara ta da Hausa, abin da ko mahaifinshi bai taɓa yi ba. Sannan ya shiga addu'a. Ya roƙa wa damina, ya roƙa wa matattu unguwa unguwa, ya roƙa wa alhazan da suka tafi a jirgi, da waɗanda suka tafi a ƙasa, da jakunansu. Amin ɗin da aka fara da ƙarfi ta koma kamar nishin mara lafiya. Cikin dattawa sai ƙugi yake. Wani tsoho a sahun gaba, Ɗanmaraya maƙeri, ya ce, "Allah gafarta Malam, an karɓa. A tausaya wa masu jiran hanta."

Wani malami a gefena ya raɗa mani cewa in liman ya yi jinkiri haka, shari'a ta yarda mutane su tafi su yanka. Na ce to ya tashi ya fara. Ya dubi Magaji, ya dubi Mamuda, ya gyara zama.

Addu'a dai ta ƙare, don ba sauran wanda za a roƙa wa. Liman ya sauko, aka miƙa mashi wuƙa. Ya yi taku zuwa dama, fadawa suka gyara tsayuwa. Ya ja baya ya kalli hagu, samari suka daina fifita. Sai idonshi ya wuce can bakin fili, gindin wata tsamiya.

Kyauta ne tsaye a wurin. Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Birchi, ba ya salla, amma kowace Babbar Sallah yakan zo da dabba ɗaya ya tsaya nesa, ko za a samu wanda ya makara bai sayi abin yanka ba. Bana bunsuru ya kawo, ja, mai gemu.

"Sodangi," in ji liman, "zo ka yi mana ciniki."

"Allah gafarta Malam, bunsuru ne."

"Na gani. Na kuma ji. Yana da aibi?"

Na buɗe bakinshi, na duba ido da kunne da ƙafa. "Ban da wari, babu."

"Wari ba ya cikin littafi."

A tsaye aka yi cinikin, da geron rumbun liman. Ya jawo bunsurun tsakiyar fili ya ce, "Jama'a, bana da gumina zan yi layya." Ya kwantar da shi ya fuskantar da alƙibla, ya yi bisimilla da kabbara, ya yanka.

Na zaci za a yi faɗa. Ba wanda ke da ƙarfin faɗa. Jini na taɓa ƙasa fili ya watse, Magaji kanshi na ga yana sukuwa ya nufi gida.

Bayan Sallah sai abin ya juya yadda ban zata ba. Magaji ya aika wa manyan jam'iyyarshi cewa limamin Tudun Gawo ya ƙi ragon 'yan adawa a bainar jama'a. Mamuda ya hau tebur a kasuwar Dutsin-Ma ya ce limamin Tudun Gawo ya ƙi ragon masu mulki a bainar jama'a. Duka ba wanda ya yi ƙarya. Liman ya zama na kowa, goro na shigowa ta dama da ta hagu. Na ce mashi, "Allah gafarta Malam, ka tsira." Ya ce in bari tukuna.

Shi ya fi ni gaskiya. Ɗan siyasa ba ya ƙoshi da rabi. Kowannensu ya ga cewa in aka tabbatar mai bunsurun ɗan jam'iyyarsu ne, to da dabbarsu aka buɗe layya, magana ta ƙare. Magaji ya ce in raka shi gidan Kyauta. Muna isa muka tarar da keken hawan Mamuda jingine a danga, shi ma yanzu ya sauka.

Kyauta ya shigo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya shimfiɗa masu fata ɗaya, dole suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Magaji ya yi mashi bayanin gwamnati, Mamuda ya yi mashi bayanin talaka. Ya saurara har suka gaji.

"Ai kun makara," in ji shi. "Ni na jam'iyyar 'yan kudu ne."

Magaji ya ce, "Ta wa?"

"Ta Ɗan Onica, Ibon nan mai kantin kananzir a Dutsin-Ma. Shi ya zo har nan ya zauna inda kuke zaune, ya ci tuwona, ya bar mani buhun gishiri. Kai Magaji ban taɓa ganin ka a gidan nan ba, sai dai dogarinka lokacin haraji. Kai kuma tela, rigar da ka ɗinka mani bara hannu ɗaya ya fi ɗaya."

Mamuda ya ce, "To bunsurun fa?"

"Da gishirinsu ya yi ƙiba."

A hanyar dawowa Magaji ya sauka daga doki, Mamuda ya sauka daga keke, suna tafe suna ƙus ƙus, ni a baya riƙe da linzami. Tun da aka fara siyasa ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai ran nan. Abin kunya ne, in ji su, a ce layyar gari guda da bunsurun jam'iyyar kudu aka buɗe ta, in labari ya kai Katsina dukansu za a yi wa dariya. Amma ba su iya cewa layyar ba ta yi ba, don kowane malami ya san ta yi, su ma kuma a bayanta suka yanka nasu. Sai Mamuda ya ce, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya tsallake raguna biyu irin waɗannan ya je ya kama bunsuru, ai idonshi ya mutu."

"Ka ji magana," in ji Magaji. "Tsufa ne. A hutar da shi."

Kafin a kai ga girbi aka naɗa na'ibin, Malam Sa'idu, liman. Fadawa da samarin Mamuda tare suka raka shi gida, makaɗa da mawaƙa a haɗe. Malam Abdulƙadir da kanshi ya warware rawanin, ya naɗe shi tsaf ya miƙa, ya koma hula. Ragunan nan biyu kuwa ba wanda ya zo karɓa, kunya ta hana.

Da Sallah ta zagayo ya yi salla a sahun baya, bai tsaya ganin yanka ba, ya taho gida. Na biyo shi. Ya zauna a zaure da wuƙa a gefe, balamin na ɗaure a tsakar gida yana jiran a ji liman ya yanka, kamar na kowa.

"Nawa aka kai wa Sa'idu?" ya tambaye ni.

"Uku, Allah gafarta Malam. 'Yan kudu ma sun aiko da nasu."

"Duk kai ka sayo?"

"Duk."

Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Sannan ya juya wajen zana.

"Azumi, dama mani fura. Bana hanta sai la'asar."