Waken Aina'u da Darbejiyar Malam

Aina'u dai tana da wani jan wake, irin da ta taho da shi daga ɗakin uwarta a Ɗambatta. Bara ƙwari suka cinye shi, ɗan abin da ya rage ta shuka a gayaunarta ta bayan gida. In bai yi ba bana, shi ke nan, iri ya ɓace.

To, ga darbejiyar mijinta, Malam Tasi'u, ta baza rassa ta rufe rabin gayaunar. Nan tsohon yake shimfiɗa tabarma ya yi barcin rana. Waken da ke sarari ya yi ganye shar, har ya soma fure. Na inuwa kuwa duk ya sirance, sai miƙa wuya yake wajen haske.

Ta ce, "Malam, wake fa rana yake ci. Taki na ba shi, ruwa Allah ya ba shi, ranar ce ka tare."

Ya ce, "Shekara nawa ina kwanciya a nan, sai bana wake zai tashe ni?"

"Ai kai ka gama girma, shi bai gama ba."

Ya yi dariya har da tari. Washegari ta leƙa, sai ga shi ya ɗaure lauje a kan gora, yana zabge rassan yana mita.

Da kaka wake ya cika ƙwarya. Ta fara ware na iri, ta cakuɗa da toka ta rufe a tulu, sannan ta yi masa alale da ragowar. Ya ce yaji ya yi yawa, ya kuma miƙo kwano a ƙara masa.