Baturen da Yarensa Ba Shi da Dangi

A shekarar da kuɗin ƙarin albashin Udoji suka sa kowane ma'aikaci ya hau sabon babur, ni Ma'u ina sayar da tuwo da miyar kuɓewa a bakin shingen kwastan na Jibiya. Ciniki sai godiyar Allah. Wata Laraba da hantsi wani dogon Bature ya tsaya da tsohuwar fijo da ya ƙetaro Sahara da ita, zai kai Kano ya sayar. Ya zauna a bencina ya ci tuwo, suna hira da Faransanci shi da Arzika, ɗan kamasho mutumin Maraɗi. Ya miƙe zai wanke hannu, sai ya zube kamar buhun gero.

Kafin in gama salati an cika wurin. Aka ja shi cikin rumfata, jikinsa zafi zau, haƙoransa suna haɗuwa. Da ya buɗe ido sai ya cafke gefen zanena, yana nuna ni yana ta zuba magana.

"Ga shi nan, ita yake nunawa!" in ji wata murya daga baya. Har yau ban san mai bakin nan ba, kuma ban yafe masa ba.

Kofur ɗin 'yan sandan shingen ya ratso jama'a. "Ma'u, mi kika sa mashi a tuwo?"

Na yi ta rantsuwa, amma wa zai ji rantsuwar mai tuwo alhali Bature yana kwance yana nuna ta? Arzika ya durƙusa ya yi masa Faransanci, ya ɗago ya ce, "Wanga yare ba shi ne munka yi ɗazu ba. Zafin ciwo ya ɗauke mai Faransanci, ya koma ma na uwa tai." Malamin kwastan ya gwada Ingilishi, shi ma a banza. Kofur ya ce an aika Katsina a kawo motar asibiti, in ba a ji abin da mutumin yake faɗa ba, ƙafarsa ƙafata. Na tuna yarana uku da na bari a gida.

Mu a lokacin gani muke Turawa duk ɗaki ɗaya ne, kamar mu da Maraɗi: lafazi ya bambanta amma ana jin juna. Don haka da Nagoggo mai faci ya tuna akwai Bature mai haƙa rijiyar burtsatse a Magama, sai na ji kamar an tsamo ni daga kogi. Ya figi babur, ya dawo da shi goye a baya. Sunansa Boyan, gajere, ya daɗe a ƙasarmu har yana Hausa, ko da yake a karkace.

Boyan ya kara kunne ya saurara. Ya yi masa nasa yaren, ya canza wani, ya sake canza wani. Sannan ya duba fasfon mutumin, ya girgiza kai.

"Ba ɗan'uwanka ba ne?" in ji kofur.

"Ni daga Yugoslabiya, yarena Silobeniya," ya ce. "Mu kaɗan ne ƙwarai, amma yarena yana da dangi. Mutumin Sabiya ko Rasha ko Folan, in ya yi magana a hankali, ina tsintar ruwa, ina tsintar uwa, ina tsintar ciwo. Wannan, sunansa da garinsu a fasfo sun nuna Bask ne, daga duwatsu tsakanin Faransa da Sifen. Yarensu ba wa, ba ƙane a duniya. Maƙwabtansu ma ba sa ji."

"Ko kalma guda, ranka ya daɗe?" na ce.

"Ko guda, Hajiya. Hausa ta fi kusa da kunnena."

Kofur ya ce in ɗauki mayafina mu tafi caji ofis. Na fashe da kuka, ba kunya ba komai. Boyan ya dube ni, ya dubi kofur, ya tambaya ina kwanon da mutumin ya ci. Aka nuna masa, da sauran tuwo a ciki. Ya wanke hannu, ya zauna a bencin, ya fara ci.

Na san ban sa komai ba. Amma wallahi duk lomar da ya kai baki sai in bi ta da ido. In daddawar ce ta lalace fa? In wani ya barbaɗa mini abu ina can wajen murhu? Da ina tsoron gawar Bature ɗaya, yanzu ga biyu. Ya suɗe kwanon tas, ya zauna, kowa ya zuba masa ido. Aka kira azahar, ba wanda ya motsa. Shi kuwa gumi kawai yake sharcewa.

"Zazzaɓin hanya ne," ya ce wa kofur daga ƙarshe. "Ba tuwo ba."

Kofur ya sosa ƙeya ya ce in koma kan tukunyata.

Motar asibiti ta iso wajen la'asar. Ana ɗaga mutumin ya sake miƙo hannu wajena, yana maimaita maganar nan, muryarsa ta dushe. Tun hantsi yake magana, mu kusan ɗari a kansa, ba wanda ya amsa masa. Ban sani ba ko zagina yake, ko ruwa yake roƙo, ko wata yake gani a fuskata. Tsoronsa bai sake ni ba, amma na matsa na kama hannun.

"Na'am," na ce. "Na ji. Sannu."

Ya yi shiru, ya lumshe ido, suka rufe ƙofar motar.