Sai An Ji Daga Bakin Hawwa'u

Ni dai har gobe in na tuna zuwanmu Kaikai da Koci Lami, sai in ji raina ya sake ɓaci sabo fil. Sunana Adawiyya, ni ke koyar da wasanni a wata makarantar 'yan mata a Kankia, aikin da kowa ya raina. In ana rabon kujeru a manta da ni, in ana neman mai tsayawa da ɗalibai cikin rana a ce ina Malama Adawiyya. To cikin wannan aikin ne Allah ya haɗa ni da Ummusalma.

Siririyar yarinya ce daga Kaikai, can ƙasar Kusada, ba ta da surutu ko kaɗan. Amma ku sa mata ƙwallo a ƙafa ku ga ikon Allah! A fegin bayan garinsu ta koya, da ƙwallon tsumma. Da ƙafar hagu take yanke mutum, ta wuce ta bar shi yana waige-waige, kuma kafin ƙwallo ta iso gare ta ta riga ta san wadda za ta ba.

Wahalar da na sha a kan yarinyar nan, Allah kaɗai ya sani. Na yi rigima da shugabar makaranta don kada a shuka gyaɗa a rabin filinmu. Na ɗinka wa 'yan wasana dogon wando da ƙaramin hijabi don bakin mutane ya mutu, bakin bai mutu ba. Na ɗauki wasanta a waya na tura wa duk wanda na ji an ce yana da hanya, yawanci ko amsa babu. Sai ga shi rannan, cikin damina, wata babbar ƙungiyar ƙwallon mata ta Abuja ta turo kocinta, Koci Lami. Suna da masauki, suna da makaranta, kuma 'yar wasan tsakiya guda ɗaya tak suke nema.

Aka tara 'yan mata daga Kankia da Kafinsoli da Sukuntuni, aka fara wasan gwaji. Ba a je hutun rabin lokaci ba Koci Lami ta jawo hannuna ta ce, "Malama, waccan mai ƙafar hagu nake so." Wallahi saura kaɗan in yi guɗa a tsakiyar fili.

Sai ta ce da sharaɗi. Ita a barikin soja na Legas ta tashi, Hausar ma a tsintsince take yin ta. Ta ce ta taɓa ɗaukar wata yarinya da izinin kawunta, bayan nan uwar ta zo ƙofar masaukinsu tana birgima tana cewa an sace mata 'ya, har aka je gaban 'yan sanda. Tun daga ranar ta rantse ba ta ƙara ɗaukar yarinya sai ta ji "na yarda" daga bakin uwa, da kunnenta.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mahaifin Ummusalma ya rasu, ƙanensa Gajere shi ke riƙe da gidan, kuma ya amince tuni. Uwar ma, Hawwa'u, na je na same ta tun kafin gwaji, ta yi murmushi ta ce, "Ke kika sani, Malama." Duk ɗan ƙasar nan ya san wannan amincewa ce. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai: Ummusalma ɗiyar fari ce, Hawwa'u kuwa irin matan nan ne masu riƙe kunya da hannu biyu. Ba ta faɗar sunanta, ba ta yabonta, ba ta ma yarda a gaban mutane cewa ita ta haife ta. A mota na yi wa Koci bayani tiryan-tiryan. Ta ce "na ji," idonta na kan waya.

Muka isa bayan azahar, gero ya rufe hanya hagu da dama. Ashe labari ya riga mu. Matan gidan, maƙwabta, dangin miji, kowa ya hallara ganin baƙuwa daga Abuja. Da na ga taron nan na san akwai aiki, don kunya da mutane take ƙaruwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Ummusalma ta raɓe jikin rumbu ta tsaya.

Koci ta dubi Hawwa'u ta ce, "Mama, ke ce kika haifi Ummusalma?"

Hawwa'u ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. "Ɗiyar Gajere ce."

Mata suka kwashe da dariya, don ta amsa yadda ya kamata. Koci ta juyo ta kalle ni. Na ce, "Ita ce uwar, ai na gaya miki a mota."

Ta sake gwadawa. "Mama, yarinyarki ta iya ƙwallo sosai. Ban ga kamarta ba."

"Wa, waccan? Mi ta iya ban da ci da kwana?"

"To kin yarda in tafi da ita Abuja?"

"Ni ba ni da ta cewa. Ku tambayi masu ita."

Kai! Na matso na dafa gwiwarta na ce, "Yaya Hawwa'u, don Allah don Annabi, 'na yarda' kawai za ki ce. Shi ke nan fa." Sai ta miƙe wai ta bar tukunya a wuta, alhali murhun ko hayaƙi babu, ta shige ɗaki. Wata tsohuwa ta gyaɗa kai ta ce, "Allah shi yi miki albarka, Hawwa'u, 'yar gidan mutunci." Ji nake kamar in kwaɗa mata ludayin fura.

Na ja Koci muka bi ta ɗakin, na saki labule don mu rage idanu. Hawwa'u ta juya fuskarta bango. Na roƙe ta, na yi mata magiya, har faɗa na yi. Ta waigo, ta ce a hankali, "Haba Malama. So kike gobe a ce Hawwa'u ta buɗe baki gaban baƙuwa ta yi zancen ɗiyar fari? Ina zan sa kaina a garin nan?"

Na ce, "Koci, kin ji ko? Kunya ce kawai!"

Koci ta girgiza kai, ta fito tsakar gida. "Malama, na ga idonta. Hawaye ne a ciki. Matar nan ba ta so, tsoron ku take ji."

"Hawayen daɗi ne, baiwar Allah!"

Gajere ya taso daga zaure yana rantse-rantse, wai shi ne uba, shi ke da iko, ya ba da ita duniya da lahira. Wayyo, da ya san abin da ya yi da ya yi shiru. Koci ta nuna shi ta ce, "Irin wannan maganar na ji wancan karon." Ummusalma ta matso ta ce, "Wallahi ta yarda." Koci ta dafa kan yarinyar ta ce ta yi haƙuri, ta ci gaba da atisaye.

Na bi ta har mota ina bayani, ina haɗa ta da Allah ta ƙara zama ko kaɗan ne. Ta ce ba ta son yamma ta yi mata a hanya, kuma akwai ta biyu a Kafinsoli da za ta duba. Waccan 'yar auta ce, na ji labarin uwarta tun kafin a gama tambaya ta rangaɗa guɗa. Da ita aka tafi. Yarinyar kirki ce, ba ni da komai da ita, amma ko takalmin Ummusalma ba ta kai ta ɗauka ba. Bayan nan na yi ta kiran Koci, ta ce gurbi ya cika, daga baya ma ta daina ɗagawa.

A ranar dai na ƙi shiga motar don haushi, na ce zan hau mashin. Na tsaya har ta sha kwana, sannan na koma cikin gidan da niyyar in wanke Hawwa'u tas, ko da zumuncinmu zai ƙare daga nan. Mata sun fara watsewa. Ina shiga sai ga ta ta fito daga ɗaki da sauri, rungume da jaka cike dam, zif ɗin ma ya ƙi rufuwa. Ina hango ƙulle-ƙullen yaji da ƙuli-ƙuli, da sabulu, da sabon hijabi a leda, da safa doguwa irin ta 'yan ƙwallo, ban san ma inda ta samo ta ba.

Ta ce, "Malama, ga kayan yarinyar nan. Yi maza kar motar ta tashi ta bar su."

Nan take na ajiye faɗan da na ɗauko. Na ce, "Yaya Hawwa'u, mota ta tafi."

Ta dubi ƙofa, ta dubi jikin rumbu inda ɗiyarta ke tsaye. "Ba da ita ba?"

"Ba da ita ba."

"To ai ban hana ba." Ta ajiye jakar a ƙasa. "Malama, mi na ce da ba daidai ba?"

Ummusalma ce ta tako, ta sunkuya ta ɗauki jakar, ba ta ɗaga ido ba. Ta ce, "Ba komai, daidai kika yi." Ta mai da ita ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.