Zanen 'Yar Fari

"Tsayinta ya kai ina?" Barau mai zannuwa ya tambaya, yana kakkaɓe wani saƙi a gwiwarsa.

Gwadabe ya ɗaga hannu ya tsayar daidai ƙugunsa. Ya ƙara ɗagawa zuwa haƙarƙari, sannan ya sauke hannun gaba ɗaya kamar wanda aka kama da laifi.

"Malam, 'yarka ce kuwa, ko aiko ka aka yi?"

"'Yar fari ce," in ji Gwadabe.

"To, shi ya sa."

Babu wanda ya yi dariya a rumfar. Duk wanda ya zo cin kasuwar Shuwarin ran nan ya san mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ƙura masa ido, ba ya zaunar da shi a gaba su yi hira. Gwadabe kuwa ya riƙe wannan kunya fiye da yadda aka ɗora masa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da haihuwar Zinariya, bai taɓa ce mata komai ba sai "ke" ko "yarinyar nan". Idan ta shigo ta nan, idonsa ya fita ta can.

Da matarsa Safiyatu tana da rai, abin bai cuci kowa ba. Ita ma tana kunyar, amma hannunta ya san jikin 'yarta. Da kanta take kaɗi, ta aika wa masaƙi zare, ya saƙo mata siraran ƙwaryar zane, waɗanda ake jerawa a ɗinke su zama zane guda. Duk kaka sai ta ƙara wa zanen yarinyar ƙwarya ɗaya a ƙasa, zane yana girma tare da mai shi. Sai murar nan da ta shigo ƙasar bayan yaƙin Nasara ta ɗauke Safiyatu cikin kwana kaɗan. Tun daga nan gida ya zama na mutum biyu da ba sa magana. Yarinyar ta ajiye masa tuwo a bakin zaure, shi kuma ya ce wa bango, "An gode." Yana sonta ƙwarai, kuma bai san ta inda ake nuna wannan ba.

Jiya Adama, yayar marigayiya, ta iso daga Ringim tare da ayarin fatake. Ba ta gama shan ruwa ba ta tare shi.

"Yaushe rabon yarinyar nan da rijiya? Yaushe rabonta da makarantar allo?"

Ya ce yana tsammanin kewar uwarta ce ta hana ta fita.

"Kewa? Zanenta ne ba ya rufe ta, Gwadabe. Sa'anninta suna yi mata dariya, shi ya sa ta shige ɗaki. Duk ƙauyen nan kai kaɗai ne ba ka sani ba. Jibi fatake za su koma, da ita zan tafi. Kayan uwarta ma suna wajena. Namiji ba zai iya riƙon 'ya mace ba."

"Yaya, in dai zane ne, gobe kasuwar Shuwarin ke ci."

"Je ka sayo, mu gani," ta ce.

To ga shi ya zo, ya sayar da akuyarsa tun da hantsi, yana tsaye gaban tuli biyu na zannuwa. Na hagu na yara ne, ƙanana, irin waɗanda ake ɗaurawa a ƙugu a ruga da gudu. Na dama na matan aure ne, manya, masu nauyi, bunu da saƙi da barage. Tsakaninsu babu komai sai tabarma.

"Na tsakiya fa?" ya tambaya.

"Babu na tsakiya," in ji Barau. "Tun da nake sana'ar nan ban taɓa ganin an kawo ba."

Gwadabe ya bar shi ya zaga kasuwa. Ya wuce 'yan gyaɗa da sabon sikelinsu, ya wuce wani ɗan doka da ke cin rake a inuwa, ya je rumfar wani Idirisu da ke sayar da yadin kanti da ake kawowa daga Kano. Idirisu ya warware masa akoko, ya ce wannan babu ruwansa da yaro ko babba, duk inda aka nuna nan za a yanke. Gwadabe ya shafa yadin. Fari ne, ba kauri, yana ƙamshin sabunta. Irinsa aka yanka aka yi wa Safiyatu likkafani. Ya janye hannu, ya yi godiya, ya koma wajen Barau.

Wata tsohuwa mai sayar da zare, Maijidda, tana zaune a gefen rumfar, ta ga tafiyarsa ta ga dawowarsa.

"Ɗana, yarinyar ta fara ƙirgan dangi?"

Gwadabe ya kau da kai. Ya dubi jakunan da ke ɗaure can nesa.

"Yarinya ce, Inna."

"Ai kowa yarinya ce a wajen ubanta. A ƙugu take ɗaurawa ko a ƙirji?"

Wannan ma bai sani ba.

"Masu wannan shekaru ba a saya musu a kasuwa," in ji tsohuwar, muryarta ta sauka. "A gida ake yi musu. Uwa ce take gwadawa da hannunta, yau ta ƙara nan, gobe ta saki can. In ka ji shawarata, ɗauki na manya, ta ninka."

Ya dubi tulin dama. Akwai wani bunu a sama, irin wanda Safiyatu take ɗaurawa in za ta gidan suna. Ya kasa ganin 'yarsa a cikinsa. In ta isa ɗaura wannan, ai maganar Adama ta fito ke nan, kuma bai yi wannan doguwar tafiya don ya tabbatar da maganar Adama ba.

Sai dabara ta zo masa, har ya ji daɗin kansa. Kaka biyu ke nan ba a ƙara wa zanen yarinyar komai ba. Kowace kaka ƙwarya ɗaya. Abin ai a fili yake. Ya zaɓi saƙin yara mai kama da nata na gida, ya sa aka yanko masa ƙwarya biyu, ya kai wa maɗinki a gindin tsamiya ya haɗa su a ƙasa. Barau ya buɗe baki zai ce wani abu, sai ya rufe. Ba a tsayawa da mutum a kasuwa ana yi masa bayanin jikin 'yarsa.

Ya kamo hanyar gida rana ta karkata, zanen a naɗe a hammata. Hanyar ta bi ta tsakanin duwatsu da itatuwan dabino, ba kowa sai wata Bafillatana da ta wuce shi da ƙwaryar nono babu komai a ciki. Yana tafe yana shirya yadda zai ce wa Adama, cikin ladabi, ga zane nan, maganar tafiya kuma a bar ta sai wata shekara. Wani lokaci tunanin ya kuɓuce masa, ya ga kansa a zaure da magariba, ba motsin kowa a cikin gida, ba hayaƙi daga murhu. Sai ya ƙara sauri.

Ya isa bayan la'asar. Adama ta shiga maƙwabta gaisuwa. Ya ɗora zanen a kan turmi, ya juya baya, ya ce wa rumbu, "Ga zane nan, a gwada."

Ya ji yarinyar ta fito a hankali, ta ɗauka, ta koma. Ta daɗe a ɗaki.

"Baba," ta ce.

Yau dai babu makawa, sai ya duba, tunda shi zai ba Adama amsa. Ya juyo.

Kanta ya kai kafaɗarsa. Wannan ya fara gani. Ba a ƙugu ta ɗaura zanen ba, a ƙirji ta ɗaura, don haka ƙwarya biyun da ya ƙara da ƙyar suka sauko mata gwiwa. Amma ba tsawon ne babbar matsalar ba. Zanen na yara ne, an yi shi don ya zagaye jikin yaro. Bakinsa biyu da ƙyar suka haɗu a gefenta, ta danne su da gwiwar hannu, ta tsaya ƙafafu a haɗe. Shi tsawo kawai ya lissafa. Bai taɓa zuwa masa ba cewa mutum yana girma ta faɗi.

"Ya yi mini, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Ya yi sosai."

Ya dubi gwiwar hannun da ta danne zanen da ita.

"In na yi ƙananan taku ba ya buɗewa. Na gwada a ɗaki." Ta ƙara matse bakin zanen. "Ka ce wa Inna Adama ya yi. Zan riƙa zuwa rijiya. Zan koma makaranta."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi masa. Bai san ta ji abin da aka faɗa jiya ba, bai kuma san ita ma tana son zaman ba.

Don ta nuna masa, ta durƙusa a karkace ta ɗauki tulu, ta ɗora a ka. Hannu ɗaya a tulu, ɗaya a bakin zane. Ta fita ta zaure da ɗan taku, ɗan taku, kamar wadda aka ɗaure wa ƙafa. Ya biyo ta ya tsaya a ƙofa. Can gaba wasu 'yan mata suna dawowa daga rijiya, sun hango ta, sun rage tafiya suna taɓa juna. Ta sunkuyar da kai, amma ba ta juyo ba.

Adama ta fito daga gidan maƙwabta, ta zo ta tsaya kusa da shi. Ta dubi yarinyar, ta dubi zanen. Sannan ta jira shi.

"Yaya," in ji Gwadabe, bai ɗauke ido daga hanya ba, "fataken nan da asuba za su tashi?"

"Da asuba."

Ya gyaɗa kai.

"In kun zo ƙetare kogi, a ɗora ta a jaki. Tana tsoron ruwa, kuma ba za ta faɗa ba."