Kwaɗo Goma Sha Tara a Rijiya

Ni Uwaliya, shekara arba'in ina yanke cibi a Makarfi, amma ban taɓa karɓar haihuwar da ta ba ni haushi kamar ta Sabuwa matar Maiwada ba. Har gobe in na tuna sai na yi tsaki.

Shekara biyu da samun mulkin kai, takarda ta zo daga Zariya. Wai duk tsohon kwaɗon kulle ƙofa mai tambarin Bature, da tsohon akwatin ƙarfen ajiye takardu, a kawar da su, kada wani ya tsinta ya gane sirrin makullin gwamnati. Aka turo akawu, Malam Muhammadu Lawal, don a yi a gabansa. Maiwada ne masinjan ofishin hakimi, aikin ya faɗa kansa. Da hantsi ya datse kwaɗo goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, Gambo maƙeri ya daddake 'yan makullan, aka watsa su duka a tsohuwar rijiyar bayan filin awon auduga, aka bi su da akwatin. Akawu ya sa hannu, Maiwada ya taho gida yana baza riga sai ka ce shi ya kori Turawan.

Ni kuwa tun safe ina ɗakin matarsa. Ciki biyu ta yi a baya, ba wanda ya zo da rai, wannan ne na uku. Har azahar shiru. Na sa aka yi abin da aka saba, aka tsefe mata kitso, aka kwance duk wani ƙulli, aka buɗe kwaɗon adaka. Ana cikin haka mai tallan mazarƙwaila ta shigo ta fesa wa Huseina, uwar Maiwada, irin aikin da ɗanta ya yi da safe.

Huseina ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. A wurinmu kowa ya sani, in mugu na son ɗaure mutum, kwaɗo yake datsewa ya jefa rijiya. Guda ɗaya tak! Ga goma sha tara, kuma da hannun mijin.

Ni dai na riga na taɓa, na san ɗan a gicciye yake. To wa zai saurare ni? Mata sun cika ɗaki, kowacce da salatinta, ko wurin durƙusawa babu. Na ga in ban sama musu abin yi a waje ba, yarinyar nan za ta tafi a hannuna. Sai na fita zaure na tarar da gogan.

"Kai Maiwada, yau ka ga damar rufe-rufe?"

"Iya, aikin gwamnati ne."

"Gwamnati ce a kan gwiwa tun safe? Tashi ka je ka fito da su, a buɗe."

Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya zura da gudu, rabin unguwa na biye da shi, ni na koma ɗaki na samu sarari. Abin da ya faru a can daga baya aka ba ni labari. Akawu ya tare shi ya ce an riga an rubuta an hallaka su, in ya fito da ko ɗaya, to a bakin aikinsa. Maiwada ya cire hular aiki ya miƙa masa, aka aro igiya wurin masu matsar rake, aka zura shi.

Taɓo ya kai masa ƙirji. Yana lalube yana sakawa a guga, ana ja, Gambo na fasawa da guduma tunda makullan sun zama fallen ƙarfe. Kowane ya fashe sai mata su yi ta miƙa labari ta kan katanga har ƙofar ɗakina: "An buɗe na bakwai!" Akawu da ya ga yadda Gambo ke ragargaza su, sai ya ce ai wannan ma ya fi, ya gyara zama yana ƙirgawa.

Ni kuma ina can da man shanu da hannu biyu, gumi har cikin ido, ina juya ɗa a hankali. Ana kiran la'asar ta faɗo, mace, da kuka kamar an mintsine ta. Daidai nan aka ce an fasa na goma sha takwas. Aka rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka wai gudumar Gambo ce ta yi aiki. Gambo! Mutumin da ko akuya bai taɓa karɓar wa haihuwa ba. Har kaza Huseina ta aika masa.

Na wanke hannu ke nan aka zo aka ce Maiwada ya ƙi fitowa. Saura ɗaya bai samu ba, kuma duk wanda ya ce masa an sauka sai ya ce rarrashinsa ake yi. Dole na ja ƙafa na tafi, na leƙa rijiyar. Can ƙasa ba ka ganin komai sai idanu.

"Fito, ɗan nan, an samu mace."

"Iya, kada ki ɓoye min. Haka aka ce min wancan karon." Ya share taɓo daga fuska. "Sabuwa fa? Ta yi magana?"

"Ta yi. Ta ce a gaya wa sakaran nan in bai fito ba a mayar da murfin rijiyar."

Sai na ji dariya daga ƙasa, dariyar ta juye kuka, ƙato da gemunsa yana shessheƙa cikin taɓo. Mazan da ke riƙe da igiya duk suka kau da kai.

"Ita ce," ya ce. "Ku ja ni."